Noeleen Vella, Mai Wanke Lilo

Ƙarfe biyar da rabi na safe motar take wucewa ta titinmu. Tsohuwar tankar ruwa ce fara, tana tari kamar ni. Ba na duba agogo. In na ji ta, sai in ɗora butar shayi.

Mai tuƙa ta Noeleen Vella ce. Aikinta wanke wuraren wasan yara. Goma sha ɗaya ne a garin nan. Shida yau, biyar gobe, jibi ta koma farko. Takan tsayar da motar, ta jawo tiyo, ta fara daga sama ta gangaro. Lilo, allon zamiya, ƙarafan hawa, benci. Bayan tiyo sai buroshi. Bayan buroshi sai ta durƙusa a kan gwiwa, ta mai da tsawonta na ɗan shekara biyu, ta duba duk inda bakinsa zai kai: sarƙar lilo, ƙarƙashin ƙarfe, kan ƙusa. Daga ƙarshe ta zaro farin tsumma daga aljihu ta goga. In ya fito fari, ta kama gabanta. In ya fito da datti, ta sake daga sama.

Shekara ashirin da shida ke nan. Ranar Juma'a za ta ajiye aikin. Gwiwoyin sun ƙi.

Sunana Len Trezise. Shekara talatin da huɗu na yi a ƙarƙashin ƙasa ina haƙar dalma da azurfa. Na bar makaranta ina ɗan sha uku, ban kuma yi kewarta ba. Wannan ce wasiƙa ta biyu da na taɓa aiko wa jaridar nan. Ta farkon ma a kan Noeleen ce. A cikinta na ce a kore ta.

Wanda yake nan a shekarun fari ya tuna. Shekara uku babu ruwan kirki. Ciyawa ta mutu, ƙasa ta zama gari. Emu, manyan tsuntsayen dajin nan da ba sa tashi, suka shigo cikin gari da rana tsaka suna neman abin sha, har suna bin motar Noeleen don abin da ke ɗiga a bayanta. An hana mu ba shuka ruwa. Bishiyar lemon da matata Dot ta dasa kafin ta rasu ta bushe ina kallo. Ita kuwa matar nan kullum safiya tana kwarara ruwa a kan ƙarfe. Sai na rubuta. Na ce duk Ostareliya babu inda ake yi wa lilo wanka mutane na jin ƙishi sai a nan. Aka buga. Abokina Barry Tonkin ya saya min giya a mashaya, ya ce na faɗi abin da ke ran kowa. Mutane suka riƙa yi mata ihu daga cikin motoci. Wani ya yanka mata tiyo. Ta naɗe shi da roba ta ci gaba.

Kuma mun san dalilin wankin. Kar wani ya ce min bai sani ba. Tulin sharar mahaƙar nan da ke tsakiyar gari, wanda kakanninmu suka tara fiye da shekara ɗari, ba kwalliya ba ne. Iska na ɗebo ƙurarsa ta watsa mana, a cikin ƙurar kuwa akwai dalma. Babba ya shaƙa, jikinsa ya jure. Ƙaramin yaro ya taɓa ƙarfe, ya sa hannu a baki, ta wuce cikin jini, ta hau kai. Ba zazzaɓi, ba ƙuraje, ba kuka. Sai dai yaron ya yi jinkirin magana, ya shiga makaranta abu ya ƙi zama. Lokacin fari abin ya fi muni, don babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa, guguwa kuma sai ta zo sau biyu a wata. Wato shekarar da muka ce ta daina ita ce shekarar da aka fi bukatarta. Mun san haka. Mun dai fi son lemonmu.

Yanzu in faɗi nawa.

In an niƙa dutse a injin an cire dalma, abin da ya rage wani yashi ne mai laushi, launin toka. Sikim muke ce masa. A da duk ma'aikacin da ke so sai ya je ya ɗiba kyauta. Muka shimfiɗa shi a tsakar gidajenmu. Ciyawa ba ta fitowa a cikinsa, tururuwa ba ta gida, maciji ba ya samun wurin ɓuya. Babana ya zuba a nasa. Ni ma shekarar da na auri Dot na yi sawu tara da a-kori-kura na cika nawa. Kowace safiya nakan bi shi da manjagara in ja layi, miƙe kamar an auna. Masu wucewa sukan rage tafiya su kalla. Ba mu taɓa tambayar kanmu abin da ya sa ko ciyawa take gudunsa ba.

Takardun gargaɗi sun sha zuwa. Na hura wuta da su. Wani yaro da bai taɓa shiga rami ba zai gaya min abin da ke cikin sikim? Na san an cire dalmar. Aikin injin ke nan. Wane kamfani ne zai zubar da abin da zai sayar?

'Yata Carol tana aikin safe a gidan burodi, mijinta kuma yana wata mahaƙa can arewa, sai ƙarshen wata. Don haka 'yarsu Kirra a wurina take wuni tun tana rarrafe. Na haɗa mata akwatin wasa da katako a inuwar bango. Na tankaɗe sikim da rariya, da hannuna, don kar tsakuwa ta ji mata. Takan cika kofi ta kife, ta ce kek ne, ta ba ni in ci. Ni ina yin kamar na ci. Ita tana ci da gaske.

Tana shekara biyu da rabi kalmominta ba su wuce biyar ba. Na ce gado ne, gidanmu ba mu da surutu. Sau biyu Carol ta ba ni kati in kai ta asibitin yara a tsaga yatsa a auna jini, kamar yadda ake yi wa kowane yaro a garin nan. Sau biyu na kai ta shan ayis kirim na ce layi ya yi tsawo. Ba na kai lafiyayyen yaro a huda shi, haka na ce wa kaina.

Wata safiya cikin Janairu, washegarin wata guguwa da ta mai da gari ja, na kai Kirra filin wasan da ke bayan tashar jirgi. Noeleen na can tana wanki.

“A'a, Len Trezise, babban marubuci,” in ji ta. “Ka zo duba ɓarnar ruwa?”

“Na zo in ga ko an kore ki.”

“Sai haƙuri. Ka sake rubutawa, ka sa a gyara maka.”

Kirra ta ƙwace hannunta ta nufi allon zamiya, ta hau ta ƙasa kamar yadda yara ke yi. Allon a jiƙe yake. Ta bar sawu huɗu. Ranar komai na garin ja ne, har karnuka. Sawun Kirra launin toka ne.

Noeleen ta kashe tiyo. Ban taɓa ganin ta kashe shi a tsakiyar aiki ba. Ta ɗauki yarinyar, ta cire mata takalmi, ta kakkaɓe a tafin hannunta. Ta murza da yatsa, ta ɗaga wa rana. Yana ƙyalli.

“Ina yarinyar nan take wasa?”

“A gidana.”

“A cikin me?”

“A cikin abin da ba ruwanki.”

“Len, wannan sikim ne.”

“Na san sunansa tun kina rarrafe. An cire dalmar. Ki tambayi duk wanda ya yi aiki a injin.”

“An cire wadda za su iya sayarwa. Sauran suka ba ka kyauta.”

Na kau da kai.

“Lambar jininta nawa?”

Na sunkuya na ɗauki takalmin Kirra.

“Ba ka kai ta ba,” in ji ta. “Kai, tsohon nan. Kai!”

Ta buɗe tiyon kaɗan, ta wanke wa Kirra hannu da ƙafa da baki, har ƙarƙashin farce. Yarinyar na ta ƙyalƙyala dariya. Na karɓe jikata, na faɗa wa Noeleen wata magana da edita ba zai buga ba, na tafi.

Kafin azahar ta isa gidan burodi da jiƙaƙƙen takalminta. A gaban masu saye ta gaya wa Carol. Ba ta ja ta gefe ba, ba ta sassauta murya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina. Yanzu na gane da ta sassauta, da Carol ta zo ta tambaye ni, da na ce ƙarya ne, da an ƙara shekara.

Washegari Carol ta kai ta da kanta. Ana so lambar yaro ta tsaya ƙasa da biyar. Ta Kirra ashirin da uku ce.

Ma'aikatan lafiya suka zo da na'ura suka auna tsakar gidana. Da suka ɗora ta a kan akwatin da na tankaɗe da rariya, ma'aikaciyar da ke riƙe da na'urar ta sake aunawa, don ta zaci ta lalace. Carol ta ce Kirra ba za ta sake taka gidana ba sai an kwashe yashin.

Na ƙi. Mako bakwai na ƙi. Na ce na'urar ce ba ta da lafiya. Na ce a filin wasa ta kwaso, ai ga wadda aka ɗauka wanki ba ta iya ba. A mashaya Tonkin ya buga tebur ya ce, “Mu duk a cikinsa muka girma, me ya same mu?” Matar da ke zuba giya ta ce, “Barry, ka taɓa tsayawa ka saurari kanka?” Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na koma gida na ci gaba da jan layina, gida shiru, akwatin wasa na nan da kofin a kife.

Kwana biyu da fara wannan taurin kai, wajen sha ɗaya na safe, na ji tankar ta tsaya a bayan shingena. Sai ga ruwa ya tsallako ta kan kwanon shingen. Ta jiƙe tsakar gidan tun daga ƙofa har bango, da ragowar ruwan tankinta. Layukan da na ja suka zama caɓi.

“Zan kira 'yan sanda!”

“Kira su. Ka ce wata tsohuwa tana ba ka ruwa kyauta a shekarar fari.”

“Gidana ne!”

“Gidanka ne, iskar ce ba taka ba. Bayan shingen can akwai jariri ɗan wata takwas. Duk safiyar da ka ja manjagarar nan a bushe, shi kake yi wa hidima.”

“Wa ya aiko ki?”

“Da aikowa nake jira, da har yanzu ina gida.”

Kullum ta zo. Ranar aiki da tanka, ranar hutu da jarkoki a bayan motarta. Ta je da ƙafarta ta gaya wa shugabanta abin da take yi da ragowar ruwan, ya ce kunnensa ba ya ji sosai kwanan nan. Na rufe ƙofa, na saki labule, na buɗe rediyo. Ina jin ruwan yana sauka. Wata rana na fito da niyyar in riƙe tiyon, ta ɗaga shi sama kaɗan. Ba zan ƙara bayani ba. Na canza riga.

Amma ba ita ta karya ni ba. Ita dai share hanya ta yi.

Wata Lahadi Carol ta zo kwasar kayan Kirra, bargo da kofi da 'yar tsana. Ina tsakar gida ina fama da jiƙaƙƙen yashi. Na ce mata, “Ke ma a nan kika girma. Me ya same ki?”

Ta ajiye jakar.

“Baba, sau biyu na maimaita aji. Ka tuna sunan da kake kirana?”

Na tuna.

“Daƙiƙiya,” in ji ta. “A gaban Mama, a gaban baƙi. Ka ce lalaci ne. Ina zama a kan littafi har idona ya yi ja, abu ya ƙi shiga. Shekara arba'in ina zaton haka aka halicce ni. Ban ce yashin ne ba, ba wanda zai iya rantsewa. Amma ba za ka kira 'yata da sunan nan ba.”

Ta ɗauki jakar ta fita. Ba ta buga ƙofa ba. Da ma ta buga.

Litinin ƙarfe biyar da rabi ina tsaye a tsakiyar titi. Tankar ta tsaya. Noeleen ta leƙo.

“Yaya ake kwashe shi?” na ce.

“Me? Injin na ƙara, ban ji ba.”

“Kin ji.”

“Na ji. Ina so in sake ji ne.”

Na sake faɗa. Ta ce, “A jiƙe. Kar ka taɓa shi sai na zo.”

Ranar Asabar masu aikin suka zo da injin tono da babbar mota mai rufi. Noeleen ba ta cikinsu, ba a kira ta ba, ranar hutunta ce. Ta tsaya riƙe da tiyo tun safe har la'asar, zafi ya haura digiri arba'in, duk inda shebur zai shiga ruwanta ya riga shi. Sawu tara na shigo da shi. Sha ɗaya aka fitar, har da ƙasar da ke ƙarƙashi. Aka zuba tsakuwa mai tsabta. Ba ta ɗaukar layi, na gwada.

Sannan ta shiga cikin ɗaki ba sallama. Ta sa na naɗe dardumar da Dot ta saya. Ta goga farin tsummanta a bakin tagar ɗakin da Kirra ke barcin rana, ta miƙa min. Ta ɗauki tsintsiyata ta jefa a mota.

“Daga yau ba shara a gidan nan. Jiƙaƙƙen tsumma, bokiti biyu. Takalmi a bakin ƙofa, naka ma. Kuma kar yarinya ta fita wasa da ciki a wofi, cikin da ba komai ya fi jan dalma. Ƙwai, nama, madara. Ka iya dafa ƙwai?”

“Na girme ki da shekara sha biyar.”

“Ba shi na tambaya ba.”

Ta kai hannu kan manjagara. Na ce ta babana ce. Ta dube ni, ta dubi manjagarar, ta ce, “To wanke ta ka rataye. In na gan ta a ƙasa, tawa ce.” Tana nan a bango har yau.

Kirra ta dawo. Ni na riƙa kai ta awo daga nan, ni ke riƙe ta a cinya ana tsaga yatsan. Ashirin da uku ta koma sha biyar, ta koma tara. Sai da aka shekara biyu ta sauka huɗu. Kowace lamba sai na tare tankar a titi na faɗa. Iyakar abin da take cewa, “Da saura.” Ranar da na ce huɗu, ta ce, “To.” Ta ja mota. Na ga ta tsaya a kwanar titi ta daɗe ba ta juya ba, alhali ba mota ko ɗaya.

Bayan nawa ya faru na fara tambaya, sai na tarar ba ni ne na farko ba. Wata mata a titin majami'a ta ce mijinta na kankare tsohon fenti mai dalma da inji a baranda, gadon jaririnsu na gefe, Noeleen ta tsallaka shinge ta zare wayar injin daga bango. Wani matashi da ke aikin rami yanzu ya ce a gidan mai ta kama shi da kujerar jariri a cikin motar da yake zuwa aiki da ita, duk ƙurar rami. Ta tsaya a kansa sai da ya cire, ta wanke kujerar a nan gaban famfon mai, mutane na jira a layi. Famfunan wanke hannu da kuke gani a gajarce a kowane filin wasa, ita ta yi shekara huɗu tana naci har aka kafa. Sabulun da ke rataye cikin safa a jikinsu, daga gidanta yake zuwa. Ba nas ba ce, ba likita ba ce. Ba ta da takardar komai sai ta tuƙin babbar mota. Ido gare ta, da rashin kunya.

Ba zan ce waliyyiya ce ba. Ba ta iya magana da mutane ba. Shayinta kamar ruwan wanki. Tana waƙa a cikin mota, karnuka na amsawa. Har yau ba ta ba ni haƙuri a kan rigata ba.

Amma Noeleen, ke ce kika durƙusa sau dubu nawa don ki ga duniya daga inda yaro yake ganinta. Ke ce kika ga sawu huɗu a kan jiƙaƙƙen ƙarfe kika kashe tiyo, inda wani zai wanke su ya wuce. Ke ce muka zaga a jarida da mashaya, kika tashi washegari kika wanke wa jikokinmu lilo. Aikinki in an yi shi daidai ba a ganin komai. Yaro ya yi wasa ya koma gida, ya girma ya iya karatu, ba wanda zai ce don wata mata ta goge sarƙa ne. Shi ya sa ba a san ki ba. Shi ya sa nake jin haushi.

Ina jin haushi don an kafa sanarwar neman wanda zai gaje ta wata biyu ke nan, na kuma ji samari a mashaya suna cewa su ba za su yi wankin lilo ba, aikin mata ne. Ku da ko motarku ba ku iya wankewa. Ina jin haushi don an yi ruwa shekara biyu a jere, sai kowa ya manta. Fari zai dawo. Lokacin da nake yaro yakan zo ya tafi ya daɗe bai dawo ba. Yanzu ba ya daɗewa sai ya dawo, kuma in ya zo ya fi na baya zafi. Ba a littafi na karanta ba, shekara saba'in da bakwai nake kallon sararin nan. Ina jin haushi don na zaga da ƙafata na leƙa ta kan shinge, na ƙirga gida goma sha huɗu a unguwarmu kaɗai da har yanzu sikim ke shimfiɗe, wasu da keken yara a kai.

Kirra shekararta tara yanzu. Bakinta ba ya rufuwa. Karatu kuwa a hankali take yi, da yatsa a kan layi, kuma sau biyu a mako wata malama na zama da ita ita kaɗai. Da ban zuba mata yashin nan ba, da yaya za ta yi karatu? Na tambayi likita. Ya ce ba wanda zai iya faɗa min. Da Noeleen ba ta kashe tiyo ran nan ba fa? Wannan ya ce gara kar in tambaya.

Idona ya yi rauni, don haka na ba Kirra wasiƙar nan ta karanta min kafin in kai. Ta ɗauki kusan awa. Ban taimake ta da kalma ko ɗaya ba, ba ta nema ba. Da ta zo wurin maganar uwarta sai ta ɗaga yatsa daga takardar.

“Kaka, ka ba Mama haƙuri?”

“Ci gaba da karatu.”

“Ka ba ta?”

“Ta san abin da ke raina.”

“Ba a rubuta a nan ba,” in ji ta. Ta kife takardar a kan tebur, ta naɗe hannu. Ta gane abin da ta karanta, har da abin da na tsallake. 

To ga shi an rubuta. Carol, ke ba daƙiƙiya ba ce, ba ki taɓa zama ba. Ni na shimfiɗa yashin, ni na sa miki sunan. Ki yafe min.

Noeleen, wasiƙata ta farko na janye ta, kalma da kalma. Na gode. Ba na yawan faɗa, kar ki ce in sake don injin na ƙara.

Sauran ku kuma, ranar Juma'a ƙarfe goma za ta wanke filin bayan tashar jirgi wankin ƙarshe. Ta ce ba ta son taro. Ku zo. Ku kawo yaranku da katin awonsu, wanda bai kai nasa ba ya wuce asibiti daga can. Wanda ke da lafiyar gwiwa ya je ya nemi aikin, ya roƙe ta ta nuna masa yadda ake durƙusawa. Wanda ke da sikim a gida ya ajiye tsintsiya, ya jiƙa, ya kira masu kwashewa.

Barry Tonkin, gidanka na cikin sha huɗun nan. Na ji jikarka za ta zo daga birnin Adelaide da tagwayenta su yi Kirsimeti a wurinka, kuma sun fara rarrafe. Na sayi tiyo mai tsawo. Asabar ƙarfe bakwai ina bayan shingenka. Kira 'yan sanda in kana so.